Ƙanzon Goran Altine

Duk wanda ya taɓa sayen magani a hannun Laraba, ko a kasuwar Bodinga ko a ta Shagari, zai shaide ta da ladabi. In za ta miƙa maka ƙulli, sai ta tallabo gwiwar hannunta na dama da na hagu, kamar mai miƙa wa hakimi goro. Mutane sukan ce, kai, matar nan ta samu tarbiyya. Abin da ya wuce su shi ne, kowa haka take yi masa, har da 'yar yarinyar da aka aiko sayen ganyen sabara, kuma shekara biyu baya ba ta yi wa kowa haka. Hannun ne ya daina ɗaguwa shi kaɗai. Wani ƙullutu ne a nononta na dama, ya faro kamar ƙwayar gujiya, ya kai ƙwan zabuwa, har ya haifi ƙarami a hammata.

Ba ta bukatar a gaya mata sunansa. Shekara talatin tana sayar wa mata maganin daji. Ta san yadda yake farawa, ta kuma san yadda yake ƙarewa.

A Kajiji aka haife ta. Uwarta, Altine, 'yar mai ganye ce da ake ɗauko marasa lafiya a kan jaki daga nesa a kawo mata. Tun Laraba na da shekara bakwai take bin ta jeji, tana riƙe mata dagin haƙar saiwa. Ta yi aure a nan Kajiji, gidan wani manomi mai suna Mode, ta haihu bakwai, biyu suka tsaya: Zainabu da ke aure a Dandin Mahe, da Maniru wanda ya tafi Ikko ci-rani, shekara ta yi ta juyawa ba a gan shi ba. Mode ya rasu a shekarar babban fari. Altine ta bi shi da damina, zazzaɓin kwana uku, ba ta ma samu bakin yin wasiyya ba.

Ban da dagi da sunan kirki, abin da Altine ta bar wa 'yarta shi ne wani gora mai faɗin baki, wanda tsufa ya mayar baƙi ƙirin. A cikinsa ake ajiye garin maganin daji. Ƙa'idarsa ita ce ba a bari ya ƙare, ba a kuma wanke shi. Kowace kaka sai a daka sabo a zuba a kan na da, kuma daga sama ake ɗiba. Na can ƙasa, wanda ya daskare ya yi tauri kamar ƙanzon tuwo, shi Altine ke kira uwa. Ba a taɓa shi. Takan ce shi ke tashin sabon gari, kamar yadda tsohon nono ke tashin madara, kuma ita ma haka ta same shi a hannun tata uwar. Itace biyar Laraba ta san ana dakawa. Amma ta sha ganin Altine ta dawo daga wata tafiya da ta yi ita kaɗai, ta kwance gefen zane ta barbaɗa wani abu a ciki. In ta tambaya sai a ce mata, "Ba ki kai ba tukuna." Har aka binne Altine, Laraba ba ta kai ba.

Shekara guda cur tana dama garin goran nan a kunu tana sha a ɓoye. Ƙullutun bai ko ji a jikinsa ba.

Ana cikin haka, a shekara ta biyu da komawar mulki hannun farar hula, lokacin da shinkafar waje ta cika kasuwa kowa na ganin arziki ya zo ke nan, wata farar mota mai rubutun jami'a ta tsaya a bakin kasuwar Bodinga. Wani dogon mutum mai tabarau ya fito, wata budurwa na bin sa rungume da littafi. Suka wuce masu atamfa da masu buhun gero, suka nufo inda Laraba ta baza saiwoyinta.

Sodangi mai albasa, wanda rumfarsa ke manne da tata shekara da shekaru, ya leƙo ya ce, "Laraba, gyara ɗankwali. Ga gwamnati ta zaka sayen maganin basir."

"Kai dai ji da albasarka, tsohon banza," ta ce.

Mutumin ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, abin da ba ta zata daga mai tabarau ba. Ya ce sunansa Dakta Ladan, amma shi ba likitan asibiti ba ne, malamin haɗa magunguna ne. Yarinyar kuma Safinatu ce, ita ke taya shi aiki a ɗakin bincike. Ya ce suna yawo ne suna tattara abin da iyaye ke ba mata masu ciwon nono, ba na rashin ruwa ba, na daji, su gwada su gani ko akwai mai aiki, a mayar da shi allura ko ƙwaya.

Kalmar allura ita ta tsaya wa Laraba a rai. Ta ba su saiwar gwandar daji da sassaƙen tsada da kauci, tana faɗin suna Safinatu na rubutawa, kanta a sunkuye.

"Inna, a cikin duk abin da kike da shi, wane ya fi ƙarfi?" in ji Dakta.

Ta shiga gyara jerin saiwoyinta har Sodangi ya gama auna wa wata mata albasa. Sannan ta ce, "Ku komo kasuwa mai zuwa."

Kwana shida tana kai-kawo tsakaninta da goran nan. Rana ta bakwai da hantsi ta shimfiɗa faifai, ta juye garin sama duka, ta sa bayan cokali ta kankare uwar. Da ƙyar ta ɓanɓaro. Gaba ɗaya ba ta cika tafin hannu ba. A tunaninta, mutanen da ke da madubin da ke ganin ƙwayar cuta, dubawa kawai za su yi su gaya mata sunan abin da Altine ta ɓoye, su yi allurarsu, su maido mata abinta. Kuma ai baƙon da ya durƙusa maka ba ka ba shi na sama. Ta ƙulle a tsumma, ta nemi gafarar uwarta a zuci.

Safinatu ce ta zo karɓa ita kaɗai. Ta liƙa wa ƙullin takarda mai lamba goma sha huɗu, ta tambayi sunan itacen.

"Rubuta na goran Altine."

Yarinyar ta rubuta. Ta ɗan jima ba ta tashi ba, tana murza biro. Can ta matso, muryarta ƙasa-ƙasa yadda ko Sodangi ba zai ji ba. "Inna, wanga hannu naki ya daɗe haka?"

Laraba ta ja mayafi ta rufe hannun. Shekara biyu ba wanda ya gani, har da 'yar cikinta.

"Ɗiyata, rubuta abin da anka aiko ki," ta ce. Safinatu ta ba da haƙuri har sau uku, ta tafi kamar wadda aka kama da sata.

Wata biyar shiru. Sai ga farar motar har Kajiji, yara na bin ta a guje. Dakta ya ce yana so ta zo ta gani da idonta. Ranar ce Laraba ta fara shiga ɗakin bincike: dogon ɗaki mai warin asibiti, kwalabe jere kamar a babban kanti, wata tukunyar gilashi na tafasa ba itace ba hayaƙi. A ƙurya kuwa kejuna ne cike da fararen ɓeraye masu jajayen idanu.

"La'ilaha! Dakta, ɓera kuka kiwo? Mu muna neman mai kashe muna su?"

Ya yi dariya, ya ce waɗannan daga ƙasar waje aka kawo su, a jirgin sama ma.

"Jirgin sama! Ni da nis shekara hamsin ban taɓa hawa ko jirgin ƙasa ba."

Safinatu ta ɗago ɗaya da wutsiya ta nuna mata cikinsa. Ga ƙullutu nan a gindin nono, irin nata sak, sai dai ƙarami. Laraba ta daina dariya. Dakta ya yi mata bayani a hankali. Ya ce sun jiƙa kowane magani a wani ruwa mai kamar ogogoro, sun tace, sun ƙafe shi ya zama kamar ƙaro, suna ba ɓerayen. Magani ashirin da uku suka gwada, ba wanda ya yi komai. Sai lamba sha huɗu. A cikin ɓera goma da suka sha, huɗu ƙullutunsu ya tsaya bai ƙara girma ba.

"Kar ki ɗauka an samu magani, Inna. Huɗu cikin goma, yana iya zama dace ne kawai. Dole a sake gwadawa da yawa. Shi ya sa muke son ki ƙaro mana, ko da rabin kwano ne, ki kuma kai mu mu ga itacen da ganyensa."

"To ku ba ni wancan da nib ba ku, in tashi sabo da shi."

Dakta ya dubi Safinatu. Safinatu ta dubi ƙasa.

"Wanne, Inna?" in ji Dakta.

"Uwar. Ƙanzon da niƙ ƙulle maku a tsumma."

Sai da ta maimaita labarin goran sau biyu kafin su gane. Dakta ya cire tabarau ya zauna a kan kujera. Duka suka jiƙa, don ɗan kaɗan ne. Abin da ya fito bai fi cokali ba, ɓeraye sun shanye. Dusar kuwa Safinatu da hannunta ta zubar a kwandon shara wata huɗu da suka wuce. Ba wanda ya ce musu babu wani, su ma ba su tambaya ba. A wajensu duk wanda ya kawo gari yana da buhu a gida.

"Ke nan ba ku ga sunanai cikin madubin ba?" Laraba ta tambaya.

"Madubi ba ya faɗin suna, Inna," in ji Dakta.

Safinatu ta rako ta waje, idonta jawur. A ƙofar ta yi ƙarfin halin da ba ta saba ba, ta riƙe mayafin Laraba ta ce ba za ta saki ba sai sun je asibiti. Suka je. Likitan ya tattaɓa, ya ce a cire nonon cikin satin nan, har da na hammata, in ana son a yi tsere da shi. Dakta Ladan da ya ji ya biyo su har tasha, ya ce mata, don girman Allah kada ta jira su, ko da maganin gaskiya ne sai ya shekara goma kafin ya zama allura.

Laraba ta saurare su duka. Amma ta san mata biyu da aka kai aka yanka, aka dawo da su a naɗe. Ɓeraye huɗun nan kuwa ta gan su da idonta suna cin dusa.

"Bari damina ta wuce," ta ce. "Itacen yana nan cikin jeji. Inna ba daga Makka ta ɗauko shi ba."

Ta fara da abin da ta sani. Ta daka itace biyar ɗin nan sabo fil, ta kai rabin kwano. Bayan wata uku Safinatu ta zo Bodinga ta tsuguna gefenta, ta girgiza kai. Daga nan Laraba ta shiga neman na shida. Ta tuna Altine kan fita ta yamma, ta dawo da jar laka a ƙafa, sai ta bi duk fadamar da ke da jar laka tsakanin Kajiji da Shagari. Inda ta san kurmi tana yarinya ta tarar da gonakin dawa. Inda ta san manyan itatuwa ta tarar da kututture, manyan motoci sun kwashe icen zuwa birni tun bayan fari. Ta nemi wata tsohuwa da suka yi ƙawance da Altine, ta same ta a Dandin Mahe ta rikice, tana kiran Laraba da sunan uwarta tana tambayar ta ina zanen da ta ara. Duk da haka, in ta ga wani tsiro da ba ta sani ba, sai ta haƙa da hannu ɗaya, ta shanya, ta kai birni. Goma sha ɗaya ta kai a cikin shekara ɗaya da rabi.

Ita kuwa ƙasar ta juya. Rediyo ya fara maganar tsuke bakin aljihu. Shinkafar nan ta ɓace, sabulu da madarar gwangwani sai an yi layi. A ɗakin bincike, ruwan jiƙa magani da ake kawowa daga waje ya daina zuwa, Dakta ya koma auna shi da ɗigo. Cikin sha ɗayan nan biyar kawai aka iya gwadawa, ba wanda ya motsa ƙullutu. Abincin ɓeraye ya yanke, Safinatu ta koma daka musu gero da ƙuli-ƙuli daga gidansu. Wuta takan ɗauke kwana tara, abin da ke cikin firji ya yi tsami. Farar motar ta kwanta a kan duwatsu don babu taya. A ƙauye kuma cutar bushiya ta faɗa wa shanu, damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye.

Damina biyu suka wuce, ba ɗaya ba. Ƙullutun ya fashe.

Laraba takan wanke shi da ruwan ɗumi da asuba, ta naɗe da tsumma uku, ta turara mayafi, ta hau motar kasuwa ta zauna bakin taga. Amma rana in ta take, wari ba ya jin turare. Wata rana wata mai ciniki ta ɗauki ƙullin magani, ta ja hanci, ta waiga. Kafin ta buɗe baki Sodangi ya ɗaga murya.

"Hajiya, yi haƙuri, albasata ce. Buhu guda ya ruɓe mani, wallahi yau ko kare ba ya zamna kusa da ni."

Tun daga ranar, kowace kasuwa sai ya ajiye kwandon ruɓaɓɓiyar albasa a kan iyakar rumfarsu, yana korar masu sayensa da hannunsa. Bai taɓa tambayar ta komai ba, ita ma ba ta taɓa yi masa godiya ba, sai dai ta daina ce masa tsohon banza. Duk da haka magana ta fita. Wa zai sayi maganin daji wurin wadda daji ke ci? Matan da ke layi gabanta suka koma wurin wani mai lasifika da ya zo daga Gusau. Zainabu ta ji a bakin mutane, ta zo da kuka ta kwashe kayan uwarta ta mayar da ita Dandin Mahe. Suka koma asibiti tare. Wani likita ne daban, yaro. Ya ɗaga tsumman, ya mayar, ya ce wuƙa ba ta da sauran aiki a nan. Akwai na'urar da ke gasa irin wannan ciwo can Kudu, in ji shi, amma ya ji ta lalace. Ya rubuta ƙwayar rage zafi, aka zaga ba a samu ba.

Wata biyu bayan sojoji sun karɓi mulki, Laraba ta ce wa Zainabu za ta birni. A bayan gidan surukanta ta ga wani ɗan tsiro mai jar saiwa, warinsa ya yi mata kama da warin gefen zanen Altine. Zainabu ta yi faɗa har ta gaji, ta raka ta bakin titi ta sa ta a mota.

Ta tarar da ƙofar ɗakin binciken a buɗe. Tukunyar gilashin an rufe ta da tsohuwar jarida. Kejunan an jera su a waje, wankakku, ba komai ciki. Safinatu na tsaye gaban famfon da ba ruwa, tana goge kwalabe da ƙyalle.

"Inna! Ke kaɗai? Da wanga jiki?"

"Ina Dakta?"

"Ya tafi. Ya samu koyarwa a wata ƙasa, tun watan jiya. Ya ce in gaishe ki, ya ce ki yafe mashi."

"Mi yay yi mani? Ina 'yan jirgin sama?"

"Na ƙarshe ya mutu da azumi."

Laraba ta nemi kujera ta zauna, tana mayar da numfashi. Ta kwance gefen mayafi ta fito da jar saiwar ta ajiye a kan tebur. Safinatu ta dube ta, ta dubi littafin lambobi da ke gefe, ba ta taɓa shi ba.

"Inna, ba zan yi maki ƙarya ba. Ko na karɓa, ba abin da zan gwada shi da shi. Ba ruwa, ba ɓera, ba wuta. Mu ma an ce a jira takarda, za a rage ma'aikata." Ta ajiye ƙyallen. "Da na tambaye ki ranar nan ko akwai saura. Kalma ɗaya ce. Kunya ta hana ni."

"Ni ma da na hwaɗa maki. Kalma ɗaya ce." Laraba ta ɗago ta dube ta. "Gaya mani tsakaninki da Allah, ɗiyata. Ɓerayen nan huɗu, maganin ne ko dace?"

"Ban sani ba, Inna. Dakta ma bai sani ba. Yanzu kuma ba wanda zai sani."

Laraba ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata farashin da ta riga ta sani. Ba ta ɗauki saiwar ba, ba ta kuma ce a ajiye ba. Safinatu ta kama ta suka fito, ta raka ta har tasha, ta roƙi direba ya ba ta gidan gaba. Da motar za ta tashi Laraba ta leƙo ta taga.

"Ke, ki riƙa ɗaga kai in kina magana. Kina da ido, bakin ne babu."

Safinatu ta yi dariya, hawaye na zuba.

La'asar sakaliya ta isa Dandin Mahe. Zainabu na bakin murhu, ta dubi fuskar uwarta, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumbu, ta ce ta kwanta. Laraba ta ce ta gaji da kwanciya. Ta hango tiren wake da aka ajiye za a dafa, ta ce a miƙo mata. Ta ɗora shi a cinya, ta shiga tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya tana jefa wa kaji, su kuwa suna rugowa suna tsammanin hatsi ne.